Ka gama karatun injiniya, me ya kamata ka koya yanzu? Ga yadda zaka tsara shekararka

Tambayar da ƙannenmu sababbin injiniyoyi suka fi yi min ita ce, yaya wane kwas zan yi ne yanzu, PMP, wato satifiket ɗin kula da aiki, zan nema ko digiri na biyu zan tafi ko manhajar zanen gini ta Revit zan koya? Ni kuma kullum sai in juya musu tambayar, ince a cikin wata shidan nan da suka wuce yaushe aka tambayeka abu a wurin aiki ka rasa amsa, ko ka bada amsar da kai kanka zuciyarka bata kwanta da ita ba? Toh daga nan ake farawa ƙanena, haka ke ma ƙanwata. Satifiket yana da amfani ban ce babu ba, amma na ga mutane da yawa sun tara takardu cike da fayil, in ka tsayar da su gaban motar kankare kace a zuba ko a mayar sai kaga suna waige-waige.

Abu na farko, ka samu takarda ka zauna kai kaɗai ka rubuta duk inda ka taɓa jin ƙafarka ta yi sanyi a aiki. A mitin ne aka ambaci wani sashe na kwangila kayi shiru? Safiyo ne ya miƙo maka lebul ka kasa gane inda kuskuren yake? Ko an ce ka duba jadawalin aiki kace lafiya lau alhali baka san me kake dubawa ba? Rubuta su duka, ba wanda zai gani. Sannan ka nemo jerin ƙwarewar da hukumar yi wa injiniyoyi rajista a ƙasarku take nema, kusan kowacce tana da shi, misali ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta ICE ta Ingila wadda aka kafa tun 1818 tana da nata jerin da ya haɗa da ilimin fasaha da kula da aiki da harkar kuɗi da kwangila da lafiyar ma'aikata da iya magana da rubutu. Ka jera naka da nasu ka ga inda ramin ya fi zurfi. Ka zaɓi biyu ko uku kawai na shekarar nan, in ka ɗauki goma wallahi ko ɗaya bazaka gama ba.

In kace ni in zaɓa maka, kwangila zan sa a gaba, don ita ce makaranta bata koya mana sosai kuma ita ce take cin mutum a ɓoye. Mu muna fitowa da lissafin ƙarfe da siminti a ka, sai mu iske ashe rabin rigimar aiki ba ta ƙarfe bace, ta takarda ce. Ka fara da kwangilar aikin da kake kai yanzu, ka roƙi kwafi ka karanta ta daga farko har ƙarshe da biro a hannu, zaka sha mamakin yawan mutanen da suke aiki shekara biyu a kan kwangilar da basu taɓa buɗewa ba. Daga nan ka san littattafan FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu bada shawara ta duniya da aka kafa a 1913, don manyan ayyukan titi da gada da ruwa da yawa a kansu ake ɗora yarjejeniya. Jan littafi shi ne na aikin da mai aiki ya kawo zanensa, ruwan ɗorawa na wanda ɗan kwangila zai zana ya kuma gina, mai ruwan azurfa kuma na wanda za'a miƙa maka makulli kawai kuma kusan duk kasadar tana wuyan ɗan kwangila. An fitar da su tare a 1999 aka sake sabunta su a 2017, don haka ka tabbata ka san wanne bugu aikinku yake kai, lambobin sassan ba ɗaya bane.

Ga abin da nake so ya zauna maka. A bugun 1999 sashe na 20.1 yace in wani abu ya faru da zai sa ɗan kwangila ya nemi ƙarin lokaci ko ƙarin kuɗi, dole ya bada sanarwa a rubuce cikin kwana 28 daga ranar da ya sani ko ya kamata ace ya sani, in ya wuce haka shikenan haƙƙinsa ya tafi ko da shi ne mai gaskiya. A bugun 2017 kwana 28 ɗin na nan, sai dai yanzu ya hau kan mai aikin shi ma. Ni wannan darasi da zafi na koye shi. Muna haƙan wata kwalbati muka ci karo da bututun ruwa da babu shi a zane, aiki ya tsaya mana kusan sati uku, wakilin mai aiki yazo ya gani da idonsa yace kada mu damu za'a duba mana, ni kuma na ɗauka tunda ya gani ai magana ta ƙare. Ban rubuta komai ba. Da lokacin lissafi yazo aka ce ina sanarwarku, muka yi ta nuna hotuna, aka ce ba hoto aka tambaya ba. Mutane sun yi zufa, injina sun tsaya ana biyan hayarsu, duk ya tafi saboda wasiƙa mai layi biyar da ban aika ba. Tun daga ranar duk umarnin da aka bani da baki, kafin in kwanta sai na mayar da shi rubutu na tura, kuma jan littafin 1999 ma ya tanadi haka a sashe na 3.3, in ka tabbatar da umarnin baki a rubuce cikin kwanakin aiki biyu injiniyan da ke kula da kwangilar bai musa ba cikin wasu biyun, ya zama umarni rubutacce.

Wannan ya kawo mu ga littafin wurin aiki. Kullum ka rubuta yanayin gari, mutum nawa suka fito, wane inji ke aiki wanne ya lalace, me aka zuba a ina, wa yazo me yace, ƙarfe nawa aka tsaya kuma saboda me. Minti goma sha biyar ne da yamma. Ranar da rigima ta tashi bayan shekara biyu babu wanda zai tuna komai sai wannan littafin.

Sai jadawalin aiki. Mutane suna cewa zasu koyi manhajojin tsara jadawali irin su Primavera P6 ko Microsoft Project, to madalla, amma manhaja bata san aiki ba, abin da ka zuba mata shi zata zana maka da kala mai kyau. Ka fara da takarda da fensir. Ɗauki ƙaramin aiki kamar kwalbati ɗaya, ka jera ayyukan, awo, haƙa, shimfiɗa, ɗaurin rodi, kafa katako, zuba kankare, jiran ya yi ƙarfi, cire katako, ciko da dannewa, kowanne ka sa masa kwanaki ka nuna wanne ne ba zai fara ba sai wani ya gama. Sarƙar da tafi tsawo daga farko zuwa ƙarshe ita ce take riƙe da ranar gama aiki, duk aikin da ke kanta in ya makara kwana ɗaya aikin gaba ɗaya ya makara kwana ɗaya, sauran kuma suna da ɗan sarari. Wannan dabara ita ake kira CPM, tun ƙarshen shekarun 1950 kamfanonin DuPont da Remington Rand suka fito da ita a Amurka kuma har yau ita ce a cikin cikin duk manhajojin nan. In ka iya ta da hannu sau uku ko huɗu, manhajar sati biyu ya isheka. Kuma amfaninta ba a ofis kaɗai yake ba, ita ce zata gaya maka ko jinkirin da aka jawo maka ya cancanci ƙarin lokaci ko kuwa ya faɗa ne cikin sararin da dama yake akwai.

Yanzu bari in yi magana da ku 'yan ofis masu zane, ku fita rana. Ka roƙi ogan ka ya barka ko da kwana ɗaya a sati biyu ka je wurin da ake gina abin da ka zana, ka tsuguna ka ga yadda mai ɗaurin rodi yake fama da mahaɗar fila da bim inda ka cusa rodi har tsakuwa bata da hanyar wucewa, a kwamfuta layuka ne siriri masu kyau amma a ƙasa ƙarfe ne mai kauri da hannun mutum zai lanƙwasa. Ka tambaye shi me ya fi bashi wahala a zanen nan, zai gaya maka abin da babu a littafi. Tsofaffin magina da kafintoci da masu tuƙa injina malamai ne, ka girmama su ka tambaye su da ladabi, ba zai rage maka komai ba.

Ku kuma na wurin aiki, ku koyi gwaje-gwajen da hannunku kada ku bar wa ɗan lab kawai kuna sa hannu. Gwajin laushin kankare misali, mazubin nan mai tsawon milimita 300, ana cika shi hawa uku kowane hawa a soke shi sau 25 da sandar ƙarfe, a shafe saman, a ɗaga mazubin a miƙe a hankali ba tare da murɗawa ba sannan a auna yadda kankaren ya zauna. Ka yi shi da kanka har idonka ya saba, har ka kai in ka ga kankare yana saukowa daga mota ka san ko an yi masa ƙarin ruwa tun kafin a auna. Don wannan ƙarin ruwan shi ne babbar cuta, rana ta yi zafi mota ta daɗe a hanya kankare ya fara tauri, sai wani ya ja tiyo ya watsa ruwa a ciki don zubawa ta yi sauƙi, kowa ya ji daɗi a ranar amma ƙarfin ya ragu kuma ya zama mai ƙananan ƙofofi da ruwa zai bi ya kai ga rodi. Ka san yadda ake cika kiyub, wato samfurin kankaren da ake gwada ƙarfinsa, mai milimita 150 da yadda ake ajiye shi a ruwa, ka san cewa na siminti gama-gari ƙarfin kwana 7 yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin kwana 28, don in sakamakon kwana 7 ya fito ƙasa sosai ka tada magana tun kafin a ɗora wani hawa a kai. Kafin a zuba ka leƙa ƙarƙashin rodi ka ga ko an sa 'yan tubalan da ke ɗaga shi daga katako, ka duba ko ba a tattake rodin sama ya kwanta ba, bayan an zuba kuma a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7. Masu titi su ma haka, gwajin Proctor mai nuna iyakar dannuwar ƙasa a lab, da na danne ƙasa a wurin aiki, da CBR mai auna ƙarfin ƙasa na ɗaukar nauyi, ka san me ake nufi in takarda tace a danne zuwa kashi 95 cikin 100, kuma me yasa ƙasar da ta bushe ƙayau ko ta jiƙe sharkaf bata dannuwa ko rola ta wuce sau nawa.

Ka kuma riƙe wasu 'yan lambobi a ka don kama kuskure da wuri. Kankare kimanin kilo 2,400 ne a kowace mita kubik, ƙarfe 7,850, nauyin rodi a mita ɗaya kuma ka ninka kaurinsa da kansa ka raba da 162, wato mai milimita 12 zai baka kusan kilo 0.89 mai 16 kuma 1.58. Da irin waɗannan zaka kalli abin da kwamfuta ta fitar kace a'a wannan bai yi kama da gaskiya ba, a sake dubawa.

Wani abu da nake ganin ya fi semina goma amfani shi ne karanta rahoton gine-ginen da suka rushe, wata ɗaya rahoto ɗaya. Fara da otal ɗin Hyatt Regency na Kansas City a Amurka, ranar 17 ga Yuli 1981, inda barandodi biyu da aka rataye a sama suka faɗo kan jama'a mutum 114 suka mutu. A zanen farko sandar ƙarfe ɗaya ce doguwa zata sauko daga rufi ta ratsa barandar hawa na huɗu ta kai ta hawa na biyu, kowacce tana rataye da kanta. Wajen ƙera ƙarafan sai aka canza aka yi sanduna biyu, ɗaya ta riƙe ta sama, ta ƙasa kuma aka rataye ta a jikin ta sama, kaga nauyin da ke kan mahaɗar ta sama ya ninka biyu kenan, kuma canjin ya wuce ta ofishin injiniyoyi aka buga masa hatimi ba tare da an sake lissafi ba. Daga baya an ƙwace lasisin injiniyoyin. Ka zana wannan a takarda da kanka ka bi nauyin da yatsa, daga ranar bazaka ƙara kallon ƙaramin canji a zane da ido ɗaya ba. Sai gadar masu tafiya a ƙasa ta jami'ar FIU a Miami da ta faɗi ranar 15 ga Maris 2018 ta kashe mutum 6, an ga manyan tsagogi kwanaki kafin nan, har mitin aka yi da safiyar ranar aka ce babu hatsari, ba a rufe titin da ke ƙasa ba. In ka karanta ka tambayi kanka, da ina cikin ɗakin mitin nan ni ne ƙarami a ciki, zan iya buɗe baki ince a tsayar da motoci? Koyon faɗin a tsaya shi ma ƙwarewa ce kuma sai an yi ta gwadawa a ƙananan abubuwa kafin babba yazo.

Masu aikin tsare-tsare, naku kuskuren baya nunawa yau sai bayan shekara goma, shi yasa ya fi tsada. Ku koyi asalin lambobin da kuke ɗora shiri a kansu. Gwajin titi na AASHO, ƙungiyar jami'an titunan jihohin Amurka, da aka yi a jihar Illinois daga 1958 zuwa 1960 ya nuna ɓarnar da gatarin mota ke yi wa titi tana tashi ne kusan da nauyin an ninka shi da kansa sau huɗu, ma'ana in nauyi ya ninka biyu ɓarna ta ninka wajen 16, don haka ƙirga yawan motoci kawai bai isa ba sai ka san manyan nawa ne kuma me suka ɗauko. Haka ambaliyar da ake cewa ta shekara 50, ba wai sai bayan shekara 50 take zuwa ba, kowace shekara akwai yiwuwar kashi 2 cikin 100 ta zo, tana iya zuwa bana ta dawo baɗi. Ka iya bayyana wannan ga wanda ba injiniya ba cikin minti biyu, don masu yanke hukunci yawanci ba injiniyoyi bane. Ku kuma saba da lissafin kuɗin abu na tsawon rayuwarsa har da gyara da kulawa, ba na ranar buɗewa kawai ba.

Maganar manhaja ba zan ja ta ba. Excel ka iya shi sosai, shi zaka fi taɓawa. AutoCAD dole ne. QGIS kyauta ce kuma ta isa mai tsare-tsare ya fara aikin taswira. BIM kuma ba Revit kaɗai bane, tsari ne na yadda bayanan gini ke tafiya tsakanin kowa da kowa, wa zai bada me, yaushe, a ina ake ajiyewa, ƙa'idar ISO 19650 da ta fara fitowa a 2018 a kan haka take, kuma gwamnatin Birtaniya tun 2016 ta wajabta shi a manyan ayyukanta. Ka koyi manhaja ne lokacin da kake da aikin da zaka yi da ita a hannu, in ba haka ba wata uku ka manta.

Tsaron rai kam kada ka bari sai shekara mai zuwa. Hula da takalmi su ne mataki na ƙarshe, kafin su akwai kawar da hatsarin gaba ɗaya, ko canza hanyar aikin, ko sa shinge da tokari. Rami shi ne mutane suka fi rainawa, mita kubik ɗaya ta ƙasa ta haura tan ɗaya, in gefe ya zabtaro wa mutum ko iya ƙirji ne numfashi gagararsa yake, shi yasa dokar OSHA, hukumar kula da tsaron ma'aikata ta Amurka, tace rami in ya kai ƙafa 5, wajen mita ɗaya da rabi, sai an tokare shi ko an kwantar da gefensa in dai ba cikin dutse mai ƙarfi aka haƙa ba. Ka nemo abin da dokar ƙasarku tace ka haddace.

Toh yaya zaka haɗa duk wannan da aikin da ya riga ya sha maka kai? Ka ware awa biyu a sati, rana ɗaya tsayayya, ka kare ta kamar mitin da oga. Ka nemi babban injiniya ɗaya da ka yarda da aikinsa da halinsa, kada kace masa ya zama ubangidanka a sana'a don nauyin zai masa yawa ya zille, kace ranka ya daɗe ina neman minti talatin a wata in kawo tambaya biyu, kuma kazo da tambayoyin a rubuce har da abin da kai kake ganin shi ne amsa. Ka riƙa bashi wasiƙunka da rahotanninka ya ja musu jan biro, rubutu shi ne abin da zai ɗaga ka daga mai lissafi zuwa mai riƙe aiki, wasiƙa ta faɗi me ya faru, yaushe, wane sashe na kwangila, me kake nema, a shafi ɗaya.

Duk abin da ka koya ka shigar da shi a rajistar cigabanka, wadda ake kira CPD, kwanan wata, me kayi, awa nawa, me ka ƙaru da shi, a ina ka yi amfani da shi. Wannan layi na ƙarshen shi ne mai muhimmanci, in wata uku suka wuce baka iya cike shi ba to abin bai shiga ba. Rajistar zata maka amfani ranar neman lasisi da sabunta shi, jihohin Amurka da yawa suna neman awa 15 a shekara ko 30 a shekara biyu daga mai lasisin ƙwararren injiniya na PE, mai PMP kuma sai ya tara maki 60 duk shekara uku. Lasisin kansa kada ka yi ta ɗaga shi, ka duba sharuɗɗan hukumar ƙasarku yau ka fara tara shaidar ayyukanka tun kana tuna su, da sa hannun wanda ya kula da kai tun kafin ya canza wurin aiki ka rasa inda yake. Bayan wata shida ka ɗauko takardar nan ta farko, ka soke abin da yanzu kake iya amsawa ba tare da gabanka ya faɗi ba, ka ƙara sababbin da suka taso, sannan ne zaka duba ko cikin abin da ya rage akwai wanda sai kwas ko digiri na biyu zai warware shi, in akwai sai ka biya kuɗin ka tafi kana sane da abin da kaje nema.